Tsamiyar Inna Delu da Lens Biyu

Wata rana wani mai ɗaukar hoto, Sagir, ya shiga shagon kayan kyamara hankalinsa a tashe.

Idon kakarsa Inna Delu na rufewa. Likita ya ce saura kaɗan ta daina gani.

Abu ɗaya ta roƙa. Ƙauyen da aka haife ta ruwan dam ya cinye shi shekaru da yawa, sai wani ɗan tudu da ya rage a tsakiyar ruwa. A kansa akwai tsamiyar ƙofar gidan mahaifinta.

So take ta ga ko tana nan.

Ba kwale-kwalen da ke zuwa wurin. Sai an hau wani dutse, a hango ta daga nesa.

Mai shagon, wata dattijuwa mai faɗa, ta ji bayaninsa, ta ajiye masa lens biyu masu jawo nesa kusa. Ɗaya jibgege kamar taɓarya, ba ya tsayuwa sai da abin ɗorawa mai ƙafa uku. Ɗayan bai kai shi hange ba, amma jaka za ta ɗauke shi.

Kun san halin 'yan hoto. Babban ya runguma, har yana shafa shi.

"Ɗan nan, da mota za ka hau dutsen?"

"Da ƙafa, Hajiya."

"To rataya shi, ka hau benen nan sau biyar. In ka dawo da numfashinka, tafi da shi."

A hawa na uku, bawan Allah ya zauna a kan matakala yana haki!

Ya ɗauki ƙaramin, ransa bai so ba.

Washegari ya kama hawa. Awa uku yana fama, wani wurin har da rarrafe. Ga hadari ya taso daga gabas. Duk hanyar zuciyarsa na cewa: in ƙaramin nan bai hango ba fa? Da wane ido zan kalli Inna?

Yana isa sama ya durƙusa, ya saita kyamara, ya jawo ruwan dam ɗin kusa.

Ga tudu. Ga tsamiya, koriya shar.

Ya ɗauki hoto sau huɗu, na biyar ruwan sama ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Wallahi da jibgegen ya ɗauko, da yana rabin dutse.

Ya wanke hoton babba, ya kai mata.

Inna Delu ta matso da shi dab da fuskarta. Ta ƙura masa ido.

Sai ta ɗora yatsa a kan wani reshe.

"A nan muke ɗaura lilo," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Sagir ya sulale ƙasa, ya sauke ajiyar zuciya. Alhamdulillah.

Darasi: Kada girman abu ya ruɗe ka. Zaɓi wanda za ka iya ɗauka har inda za ka, ka isa a kan lokaci.

Tura wa wannan abokin naka mai son komai babba, ka san shi ai.