Tatsuniyar da Kaka Ta Kai Bune

Abin nan da masu karatu suke yi, mutum ya gama littafi mai daɗi ya rasa sukuni har sai ya ce wa abokinsa ya nema ya karanta, a wurin kakata na fara ganinsa, ita da ba ta taɓa riƙe littafi ba sai allo a ƙuruciyarta. A Gure ne, cikin shekarun alif ɗari tara da talatin da wani abu, kafin a kama ni a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Mahaifina kuwa, da zarar an gama girbi sai ya bi maza zuwa kwarin da ake dafa mangul, gishirin ƙasarmu, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Saboda haka duk tsawon ɗari mu biyu ne a gidan, ni da Kaka.

Bayan magariba takan hura wuta a ƙofar ɗaki da ɓawon goruba, ta jawo kabar da ta jiƙa tun da rana, ta ci gaba da saƙar tabarma. Wani lokaci 'ya'yan maƙwabta sukan zo, amma iyayensu kan kira su da wuri, a bar ni. Ko ni kaɗai ne ba ta rage komai. Sai ta ce, “Mijina, ga baƙuwa a bakin zaure,” ni kuma in ce, “Ta shigo, an yi shimfiɗa,” sannan ta fara.

Tsofaffin matan unguwarmu suna da wata al'ada da ban sake gani a wani wuri ba. Tatsuniyoyin da kowa ya gada, kowa na iya bayarwa. Amma in ka ji wata sabuwa daga bakin wadda ta ƙware a kanta, to tata ce muddin tana raye. Ba ka ɗauka ka kai wani gida. Abin da ya halatta gare ka shi ne ka yabe ta, ka faɗi sunan mai ita da garin da take, ka ce a je a ji. Kaka ta riƙe wannan da gaske. A ganinta, wanda ya maimaita tatsuniyar wani ya cuci mutum biyu: mai ita, da wanda zai ji ta a lalace alhali da ya ji ta da kyanta.

Wadda take aika wa irin wannan yabo ita ce Ya Falmata, taubashiyarta. Tare suka tashi, aure ya kai Falmata Bune, daga nan sai suna ko rasuwa ke haɗa su. Sauran zumuncin a bakin matan da ke zuwa kasuwar Gure yake tafiya. Kaka kan tsare su ta ce, “Ku gaya wa Falmata akwai wata makauniya a Gamu, in ta sami hanya ta je ta ji tatsuniyarta ta ɗan maraƙi.” Bayan wasu watanni amsa ta zo: “Ta ce a gaya wa tsohuwar can ta ji, ba ta kai yadda ta zuzuta ba.” Ran nan Kaka wuni take tana mita tana murmushi. Tana cewa Falmata ba ta da kunne, tun suna yara haka take, sannan ta shiga neman wata da za ta aika mata.

Wata shekara, ana tsakiyar ɗari, wata mata mai suna Gambo ta sauka a gidanmu. Tana bin ayarin jakunan mangul ne tana yi musu abinci, kwana ɗaya kawai za su yi a Gure. Bayan an ci tuwo Kaka ta ba ta tatsuniya don karramawa, ita ma ta rama da tata. Ban manta ba, tun kafin ta kai rabi hannun Kaka ya tsaya a kan kaba, har wutar ta kusa mutuwa ba wanda ya iza ta. Da safe Kaka ta raka ta har bayan gari, ba ta sake ta ba sai da ta yi alkawarin za ta ratsa ta Bune ta nemi gidan Falmata. A kasuwar da ta biyo ta aika da saƙo: “Wata na nan tafe, Gambo, doguwa, mai wushirya. Ki tsare ta, ki ce ta ba ki ta ruwa. Wannan karon za ki ba ni haƙuri.”

Gambo ba ta je ba. Ayarin ya bi ta Gidigir ya yi kudu, ba wanda ya sake jin labarinta. Kaka tana tambaya duk ranar kasuwa, ana ce mata ba a gan ta ba. Da zafi ya fara shigowa, sai matan Bune suka zo da wani labari dabam: Falmata na kwance, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya fita ko tsakar gida. Ɗaya daga cikinsu ta ƙara da cewa, “Ta ce a tambaye ki, wai ina mai ruwan taki? Har yanzu tana jira.”

Yammacin ranar Kaka ta hura wuta ko da yake ba a bukatar ɗuminta, ta zauna ba ta ɗauko saƙa ba. Can ta ce, “Mijina, ranar da Gambo ta kwana nan ba ka yi barci ba, ko?” Na ce ban yi ba. Ta ce, “To zauna da kyau. Zan yi abin da ba a yi. Inda na kauce ka tsayar da ni.”

Ga yadda tatsuniyar take, a taƙaice. A wata ƙasa duk rijiyoyi zartsi ne, ruwa mai kanwa, mutanen wurin ba su san wani ɗanɗano ba. Wata mata mai kiwon awaki, akuyarta ta ɓace, ta bi sawunta cikin tuddan rairayi har ta tarar da ita tana sha a wani ɗan idon ruwa. Ta ɗanɗana, ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Ta cika gora ta yi gida da gudu, amma kafin ta isa ruwan ya koma zartsi. Ta gwada tulu, ta gwada salka, duk haka. Mutanen gari suka ce ƙarya take, in ba ƙarya ba kuma wa zai yi wannan tafiya don ruwa, ga rijiya a ƙofar gida? Tana da yaya gurguwa da ba ta iya hawa tudu, ita ce kaɗai ta yarda da ita. Sai matar ta koma, ta cika bakinta da ruwan, ta kamo hanya. Ta gamu da surukinta, ba halin gaisuwa, ya wuce yana tir da ita. Ta gamu da matan kasuwa, suka yi ta dariyar kumatunta. Rana ta take, ƙishirwa ta kama ta, ga ruwa a baki, ga maƙogwaro a bushe, ba ta haɗiye ba. Da ta isa ta zuba a ludayi, ɗan kaɗan ne ya rage, ya yi ɗumi. Yayar ta sha, ta ce, “Ashe haka ruwa yake.”

Kaka ta sha tsayawa a hanya. “A nan Gambo ta yi wata murya ta surukin, ni ba ni da ita.” “Tulu ne farko ko salka?” Na gaya mata abin da na tuna, wanda ba shi da yawa. Ban taɓa ganin ta tana shakkar bakinta ba sai ran nan. Da ta gama ta ce, “Ba ita ba ce. Ta yi kama da ita dai.” Na girma ina tambayar kaina ko tatsuniyar haka take tun asali, ko kuwa abin da ya biyo baya ne ya gyara mini ita a ƙwaƙwalwa har ta dace da shi. Ban iya rantsuwa.

Ta ari jakin maƙwabci, muka bi matan Bune, muka kwana a hanya. Mun isa da hantsi. Ya Falmata na kwance a kan gadon kara, ta rame ƙwarai, amma idonta na nan da kaifinsa. Ta dubi Kaka sama da ƙasa ta ce, “Ke ce doguwar mai wushirya? Ina haƙoran ma, balle wushiryar?”

“Rufe mini baki, gawa. Tafiyar kwana na yi.”

“Wa ya aike ki? Wannan ne mijin naki? Zo nan, yaro, rabu da ita, ni na fi ta miya.”

Jikarta da ke jinyarta ta raɗa wa Kaka cewa da la'asar zazzaɓi ke rufe ta, ba ta sanin wanda ke kanta har gari ya waye. In za a yi magana da ita, yanzu ne. To amma ba a tatsuniya da rana, wannan kowane yaro ya sani. Kaka ta fita, ta kwance tabarmar da muka zo da ita ta rataya a ƙofa, ta toshe 'yar tagar da zanenta. Ɗakin ya yi duhu. Ta ce, “Dare ya yi.”

Falmata ta ce, “Yau kuma sata za ki yi da tsufanki? Mai ita tana raye.”

“Na sani. In mun gamu na roƙe ta gafara. Ke dai ki yi shiru.”

Kaka ta bayar da ita tun daga farko. Da ta zo wurin suruki ta yi niyyar wucewa da sauri, Falmata ta tare ta. “Tsaya. Ita Gambon yaya take yi a nan?” Kaka ta ce ba za ta iya ba. “Gwada mana.” Sai Kaka ta kumbura kumatu, ta durƙusa a gaban surukin da babu shi, tana gurnani ta hanci, sannan ta miƙe ta kwaikwayi tsoho yana faɗa. Falmata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ɗaga ta aka ba ta ruwa. Aka kai ƙarshe. Ina jin kukan jakinmu a waje. Kaka ta kasa haƙuri ta ce, “To? Ta kai yadda na faɗa ko ba ta kai ba?”

“Ba laifi,” in ji Falmata. Ta laluba ta kama wuyan hannunta. “Sake, daga inda akuyar ta ɓace.”

A hanyar komawa Kaka ta yi ta maimaita mini, “Ka ji da kunnenka? Ba laifi! Tunda nake da matar nan ba ta taɓa cewa ba laifi ba.” Falmata ta rasu kafin ruwan farko.

Ɗarin da ya biyo wani baƙo ya ba da wata tatsuniya mai kyau a gidanmu. Bayan ya tafi masauki, Kaka ta juyo da fara'a ta ce, “Gobe in 'yan Bune sun zo kasuwa...” Sai ta tsaya. Ta ɗauki kabarta. Ta ci gaba da ba ni tatsuniyoyi har ranar da aka tafi da ni Damagaram karatu, amma ban sake jin ta yabi wata ba. A lokacin na zaci masu daɗin ne suka ƙare.

Sai bara na gane, ina da shekara hamsin saura kaɗan, da abokina Usmanu ya rasu. Tun muna jami'a a Dakar muke miƙa wa juna littattafai, kuma ban tuna wanda na ba shi ya dawo mini da shi ba tare da gardama ba. A daminar nan na karanta wani littafi da ya hana ni aikin biro, wato ofis, kwanaki. Na bai wa abokan aiki, mutanen kirki masu karatu. Ya dawo mini da tsabtarsa, aka ce yana da kyau ƙwarai, aka gode. Ban sani ba ko littafin nake yi wa hidima in na yabe shi, ko kuwa kaina, don kada a bar ni ni kaɗai da abin da na ji. Ina zaton yabo irin wannan mutum ɗaya ake yi wa, wanda ka san inda zai yi dariya da inda zai ce ka cika zuzutawa, sauran jama'a albarkacinsa suke ci. Har yanzu in na zo shafi mai kyau nakan naɗe kusurwarsa, kamar yadda nake yi wa Usmanu alama. Littafin nan duk ya kumbura da naɗi, kuma ba wanda zai warware.