Ranar da Gwaggo Ta Ƙoshi a Hanyar Zango

A shekarar 1984 Badaru ya fara haɗuwa da Sha'aban, a kasuwar Mai'aduwa, lokacin da hanyar Baure ba ta san kwalta ba. Sha'aban dillalin awaki ne, Badaru kuwa sabon direba da a-kori-kurarsa fara sol. Tun ranar suke tsokanar juna. Da motar ta tsufa, Sha'aban ne ya raɗa mata suna Gwaggo, wai don ba ta tashi sai an gaishe ta.

Mutanen garinsu, Babban Mutum, sun san Badaru da ɗabi'a ɗaya: ba ya zuba fetur sai ya tace shi da tsohuwar hula. Idan an yi masa dariya, sai ya ce kafireta maƙogwaronta ƙanƙane ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta shaƙe ta.

Da kakar 2019, wata ranar Laraba da hantsi, Hasana matar Sha'aban ta iso ƙofar gidan Badaru ba takalmi. Kububuwa ta sari mijinta a hannu yana ɗaga tarin gyaɗa, kuma allurar dafin sai Daura. Tankin Gwaggo ya kusa bushewa. Wani maƙwabci ya rugo da jarkar fetur ta mai injin markaɗe, Badaru ya juye ta duka. Sai da suka wuce Baure ya tuna hular tana rataye a gida.

An kwantar da Sha'aban a baya kan tabarma, kansa bisa cinyar Hasana. Gab da Zango motar ta fara tari, ta saki baƙin hayaƙi, ta mutu. Tsoro ya sa Badaru ya yi abin da ya yi shekaru yana hana yaran mota: ya dinga danna totur yana saki, yana murza makulli, har batir ya fara nishi.

"Malam Badaru, jini yake fitowa ta haƙoransa," in ji Hasana. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi firgita shi.

Ya sauka ya buɗe bonet. Ya san mota irin wannan yunwa ke kashe ta ko ƙoshi, kuma hancinsa ya gaya masa wanne ne. Ɗanyen fetur na ambaliya daga kafireta, yana ɗiga kan ƙarfen salansa mai zafi, kowane ɗigo sai ya yi cuu ya tashi. Da injin ya kama a wannan hali, da su ukun sun ƙone a bakin titi. Ya cire rigarsa ya tare ɗigon da ita, ya lanƙwasa robar mai.

A cikin kafireta akwai 'yar allura da ke rufe hanyar mai idan kwanon ya cika. Ya ƙwanƙwasa gefen da gindin sifana ko za ta zauna, ta ƙi. Dole ya kwance murfin cikin gaggawa, har noti ɗaya ya faɗa ƙasa ya lalubo shi cikin yashi. Ga dusa nan manne a bakin allurar. Ya sa baki ya hure, fetur ya ƙona masa leɓe. Ya ciro fulogogi, duk sun jiƙe sharkaf, ya goge su, ya jera a kan kwalta.

Saura jira, kuma jiran ne ya fi komai wuya. Wata mota ta wuce maƙil da buhuna, ba ta ko rage gudu ba. Wani mai babur ya tsaya, ya leƙa, ya ga ba mai iya zaunar da Sha'aban, ya yi addu'a ya tafi.

"Don Allah ka tada ta mana."

"Hasana, in na taɓa ta yanzu batir zai ƙare, kuma ba mai tura mu. Sai ta bushe."

Daga kan tabarma murya ta fito a shaƙe. "Direba, ka gaishe ta kuwa?"

"Rufe mini baki, dillalin banza. Ajiye numfashinka."

"Ni dai kada in mutu a motarka. A ce Gwaggo ce ta binne ni."

Daga nan ba a sake jin muryar Sha'aban ba. Badaru ya kasa leƙawa baya. Ya tsuguna yana shinshina fulogogin ɗaya bayan ɗaya, har warin ya ragu. Ya mayar da komai, ya shiga, ya yi bismilla. Wannan karon ya danne totur har ƙasa ya riƙe, don iska ta shiga ta kore sauran man. Ya murza. Injin ya juya a kasalance, ya sake juyawa, sannan ya kama da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe titi.

Bai ɗaga ƙafa ba har ƙofar asibitin Daura. Da ma'aikata suka ɗauki Sha'aban, Badaru ya ga ƙirjinsa na motsi, sai ya zauna a ƙasa jikin taya, ba riga.

Sha'aban ya rayu, amma yatsu biyu na hannun ba su sake lanƙwasuwa ba. Da 'yan'uwansa suka zo godiya, Badaru ya ce su gode wa Allah, ya juya zancen zuwa farashin gero. Tsofaffin unguwa ne kawai suka tuna shekarar amai da gudawa, lokacin da kowa ya ƙaurace wa gidan Badaru, Sha'aban shi kaɗai ya shiga ya ɗora Maijidda matar Badaru a amalanke ya kai ta wurin magani. Su biyun ba su taɓa tada maganar ba, kafin saran macijin ko bayansa.