Takalman birkin da na sauya wa Baba a ɓoye

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Kazaure, mahaifina yana da wata tsohuwar ƙaramar mota da yake ji da ita fiye da yadda yake ji da mu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar 'yan hatsi zuwa kasuwar Babura, da ƙarfi ya ja baya sai ya sayi wannan, yana zuwa gona da ita, yana leƙa ƙanwarsa a Roni. Abin alfaharinsa kunnensa ne. Mota na wucewa zai ce, "Wannan ba za ta kai Ɗambatta ba," kuma sau da yawa haka ake yi.

To kunnen ne ya fara tafiya, kuma duk gidan babu mai iya faɗa masa.

Wata rana na raka shi Roni. Duk inda ya taka birki sai na ji ƙiii, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na saci kallonsa, ko gezau. Da muka dawo na leƙa ta cikin tayar gaba, na ga takalman birkin, waɗanda suke matse farantin taya, sun cinye saura ɗan siriri, har farantin ya fara zane. Abokina bakanike ya ce in aka ƙara sati biyu ƙarfe zai ci ƙarfe.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in je in durƙusa in ce Baba birki na kuka. Amma faɗin haka daidai yake da ce masa ba ya ji. Sai na zaɓi wayo. Na sayo sababbin takalma, na ari jak da sufana, na jira ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure Gwiwa a motar haya.

Ni da ko tayar keke ban taɓa yi wa faci ba, na jingina waya da dutse ina kallon bidiyo ina kwaikwayo. Na sa duwatsu a tayoyin baya, domin ƙofar gidanmu gangara ce. Na ɗaga motar, na cire taya, na kwance notuna biyu, na zare tsofaffin, na tura fistin da ke danna su ciki da ƙyar, na jera sababbin. Haka ɗaya ɓangaren. Bidiyon saura minti ɗaya na kashe, na ce ai na gane, sauran surutu ne. Na kwashe duwatsuna, na shiga wanka ina jin kaina wani injiniya.

Ina cikin dirzar baƙin mai na ji ƙarar, sannan salati.

Ashe Baba ya dawo, ya shiga zai matsar da motar inuwa. A minti ɗayan da na ƙi kallo ne ake cewa bayan an sauya takalma dole a yi ta tattaka birki har ya yi tauri kafin a motsa. Baba ya saki birkin hannu, ya taka na ƙafa, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ta gangara ta bi ta kan bencin dattawan unguwa, ta rushe katangar maƙwabcinmu. Allah ya kiyaye, sun watse kafin ta iso, amma maƙwabcin ya faɗi ya goce hannu.

Na fito da jiƙaƙƙiyar riga na tarar unguwa ta cika. Baba yana tsaye jikin motar, hularsa a ƙasa. Wani yana cewa, "Alhaji, shekaru fa ba ƙarya ba ne." Wani ya ce totur ya taka a maimakon birki. Yayana, wanda dama ya daɗe yana neman dalili, ya miƙa hannu ya ce, "Baba, don girman Allah ku ba ni makullin nan. Yau katanga ce, gobe ɗan wani ne."

Baba ya dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa, na ɓoye hannuwana a baya. Kalma biyar ta isa ta wanke shi, amma tsoron bakin Yaya da idon jama'a ya ɗaure mini harshe. Ya ciro makullin ya ba shi, ya shige gida.

Motar ta shekara a rumfa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Baba ya rage fita majalisa, don ya gaji da tsokanar "direban katanga". Gonar ma sai an goya shi a babur.

Daga ƙarshe aka sa ta a kasuwa. Ranar da mai saye ya zo, ya haska cikin taya ya ce, "Alhaji, ai birkin gaba sabo ne fil."

Baba ya ce, "Sabo ne. Yaron nan ne ya sa. Aikin ya yi kyau, takawa kawai ya manta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da mutumin ya tafi na durƙusa, na ce, "Baba, dama kun sani?"

"Shekara arba'in ina tuƙi. Ƙafata na sauka na san an taɓa birkin."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Da bakina zan tona ɗana a gaban unguwa? Naka bakin na jira." Sannan ya ce, "Katanga na yafe maka tun ranar. Shirunka ne har yanzu nake fama da shi."

Yau ni nake sauya takalman motata a gida, kuma na iya, har maƙwabta suna kawo mini tasu. Ba na jin daɗin yabon ko kaɗan. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni magana, tarbiyya ce. Ƙarya nake yi. Shiruna na farko wataƙila kunya ce, na biyu kuwa tsoro ne tsagwaronsa, kuma dattijo ne ya biya da mutuncinsa.

Na gaya wa Yaya gaskiya a ranar da aka sayar da motar. Ya ce, "To yanzu me za a yi, mota ta tafi?" Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma duk inda ya je a cikinsu, a bayan babur ɗin wani ya je.