Gwiwa Na Nuna wa Likita, Ciwon Yana Can Sama

Jama'a, sallama. Masu tambayar ina Sale mai ɗinkin Takur ya shiga, ban mutu ba. Kunya ce ta hana ni rubutu, kuma ita ce ta so ta kai ni kabari.

Biki za mu Aujara. Maman yara ta riga ni tafiya, ni kuma na tsaya ƙarasa kayan mutane, na makara. A tasha saura gurbi ɗaya, a gaba, inda ake cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya. Aka sa ni tsakiya, gwiwoyina manne da gaban mota, wajen rediyo. Bel ɗin ɗaure jiki kuwa, na ƙofa ya zauna a kansa.

Kakana ya ga shigowar motar Turawa ƙasar nan, ya ƙi hawa har ya rasu. Mu jikoki muka yi ta yi masa dariya. Allah ya jiƙan tsoho.

Saniya ta faɗo titi, direba ya kauce, muka daki bishiya. Motar ta tsaya. Ni ban tsaya ba.

Aka dawo da mu asibiti a Dutse. Wadda ta fara isowa ita ce 'yata ta fari, da ke aure a Limawa. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tunda aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ba ma haɗa ido, ba ma doguwar hira.

Likita ya zo, yaro matashi. Ya ce, "Baba, ina ke ciwo?"

Na nuna gwiwa. Ta fashe kam, amma ba ita ce ke kashe ni ba. Marata ce kamar an zuba garwashi. Fitsari ya matse ni, ya ƙi fita, sai ɗigon jini. To, yarinyar nan tana tsaye a kaina da fulas. In buɗe baki in faɗi wannan a gabanta?

Ya sake tambaya, "Babu wani wuri?"

Na ce, "Sai aljihu, likita." Aka yi dariya. Har wani daɗi na ji, wai ni mai barkwanci.

Aka ɗinke gwiwa, aka ce a jira hoton ƙashi. Yarinyar nan ta miƙo min ruwa, na ce na ƙoshi. Ta miƙo kunu, na ce ba na sha'awa. Tsoro nake kada abin da na sha ya nemi hanyar fita.

Kafin la'asar cikina ya kumbura, ya yi tauri kamar ganga. Gumi mai sanyi ya rufe ni. Na fara kalmar shahada a zuci, amma bakina bai buɗu ba.

Sai yarinyar nan ta tashi ta kira likitan. Ta juya min baya, ta fuskanci bango, ta ce, "Likita, tunda aka kawo shi bai zaga ba. Kuma akwai jini a wandonsa."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige da gadon gaba ɗaya.

Nan fa gudu ya tashi. Hoton ciki, gwajin jini, neman mai ba da jini, sa hannu a shiga tiyata. Ita ta sa hannun. Jinin ma nata ne ya dace da nawa.

Bayan na farfaɗo, likita ya ɗaga hoton ya yi min bayani irin na 'yan aji uku, daidai karatuna. Ya ce idan mota ta tsaya farat ɗaya, jikin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da gudunsa. Gwiwata ta daki gaban mota, ƙashin cinya ya ɗauki dukan ya kai shi sama, kamar taɓarya a turmi. Turmin shi ne ƙugu. Ƙugu ya tsage, tsinin ƙashin ya huda mafitsara, fitsari ya yi ta zuba a cikin cikina.

Ya ce, "Baba, inda aka bugu daban, inda ya karye daban. Da ka kwana a haka, da wata maganar ake."

Na ce, "Ai kunya ce, likita."

Ya ce, "Kunyar ta kusa mayar da 'yarka marainiya."



Na daɗe a kwance, ƙafa rataye da nauyi, robar fitsari a jiki. Tumakin maman yara duk sun tafi kantin magani. Ledar fitsarin nan da na fi ƙi a duniya, in mamanta ta je gida, wa kuke zaton ke zubarwa? Sai ta ce, "Baba, rufe idonka." In rufe kamar ƙaramin yaro.

Wata rana na ce mata, "Ke, ba ki ji nauyina ba ran nan?"

Ta ce, "Na ji, Baba. Nauyin makara ne na ga ya fi."

Yanzu ina takawa da sanda ɗaya. Keken ɗinki ma na koma, da ƙafar hagu, ɗinkin yana fita a karkace kamar mai shi.

Don Allah, kada ku yarda a cusa ku biyu a gaba. Ku ɗaura bel ko nan kusa Kiyawa za ku. In an yi hatsari, ku faɗa wa likita komai, har abin da ke ƙasan cibiya. In kuna jin nauyin mai jinya, ku ce ya ɗan fita. Wannan dabarar ba ta zo min ba sai da aka farke ni.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da maman yara, da ku masu addu'a.

Saura mutum ɗaya. Bakina har yau ya kasa, amma yatsa ya fi shi ƙarfin hali.

Saratu. Allah ya yi miki albarka, Saratu.