Bawul Ɗin Tsakiya

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, likita a Sakkwato ya ce a riƙa sa shi cikin ruwan ɗumi yana motsa gaɓoɓi. Yayana da ke aiki Abuja bai yi shawara da kowa ba, sai ganin magina muka yi a gidanmu na Wurno. Suka gina kwami biyu manne da juna a bayan gida: babba na iyo, da ƙarami mai ɗan tudu, na ruwan ɗumi, wanda mutum zai zauna ruwa ya kai masa ƙirji.

Injiniyan da ya haɗa injin da ke juya ruwan ya nuna mini bawul uku na buɗe ruwa da rufewa a cikin ɗan ɗaki, yana ta zuba bayani. Ni kuwa ina gyaɗa kai, raina na cewa wa za a koya wa ruwa? Tun ina yaro nake ba shinkafa da albasa ruwan Rima. Rabin maganarsa ban ji ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Wata biyu abin yana tafiya. Kullum da hantsi in ciccibi Baba in zaunar da shi a ƙaramin kwamin. Hannunsa na dama da ya dunƙule ya fara buɗewa. Ranar da ya riƙe moɗa da kansa, sai da Inna, mahaifiyarmu, ta yi guɗa.

Abu ɗaya ne ya tsone mini ido. Duk sa'ad da inji ke aiki, ruwa na kwararowa ta leɓen ƙaramin kwami yana zuba cikin babban. A gona, in ka ga ruwa ya haure kunyar fangali, to ɓaraka ce, da gudu kake ɗebo laka ka toshe. Kuma wannan ruwa ne da aka ɗumama, yana ta tsiyaya cikin na sanyi! Na daure, na daure, ranar nan dai na kasa. Na shiga ɗakin inji na yi ta murɗe-murɗe har na dace da bawul ɗin tsakiya. Kwararar ta tsaya cak. Na tafi gona ina jin kaina gwani.

Da azahar na dawo, tun daga zaure na ji ƙaurin roba. Ƙaramin kwamin ƙaf, babu ko ɗigo, babban ya cika har yana amai a tsakar gida. Ashe na tsakiyan nan shi ke mai da ruwa cikin ƙaramin, kwararar kuma da gangan aka yi ta. Na rufe mashiga na bar mafita. Injin ya zuƙe ruwan tas, ya koma zuƙar iska, har shi da hita mai ɗumama ruwan suka ƙone.

Na buga wa injiniya waya. Ya saurare ni ya ce, "Wa ya ce ka taɓa?" Na ce ya taimaka ya zo. Ya ce hanyarmu yanzu ba ta biyuwa, an tare mutane a satin nan, shi yana da iyali. Ban ga laifinsa ba, amma wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi ta cikin wayar. Mai gyaran injin ban-ruwa daga Goronyo ya zo ya leƙa, ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba. Yayana ya ce za a aiko sabo, a yi haƙuri.

Sai na koma tukunya. In hura itace, in tafasa ruwa, in yi ta jido da bokiti ina sirkawa. Kafin ya kai gwiwa sai in ga yana ja da baya, yana bin bututu yana komawa babban kwami, har su biyun su daidaita. Na murɗa bawul dama, na murɗa hagu, na cusa tsumma a ramin ƙasa. Ruwan da nake juyawa yadda na ga dama a gona, nan ya mai da ni wawa. Na zauna bakin kwami na yi kuka, da gemuna.

Baba yana kan kujera kullum da hantsi yana kallona. Muna gasa masa hannun da tawul, amma ba ɗaya ba ne. A mako na uku yatsun suka koma yadda suke, Inna ta koma ba shi ruwa a baki.

Wata safiya na zo ɗaukarsa, ya dube ni, bakinsa a karkace ya ce, "Mi za mu yi can?"

Na ce, "Baba, yau zan gwada wata dabara."

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗata. "Ka wahala, ɗana. Bar ni nan ɗaki."

Sai bayan damina sabon injin ya iso. Na cika kwamin, na taɓa ruwan na ji ɗumi, na je na gaya masa. Ya ce Allah ya yi albarka, amma bai yarda an fito da shi ba.