Ranar da Illo Ya Ba Shaihu Igiya

Kakana Illo, mahaifin uwata, maginin rijiya ne a Geceme. Gajere ne, kaushi ya tsattsage masa ƙafafu, ga rowar magana. Matarsa Ajuma takan ce shekara arba'in tana zaune da shi, amma maganar da ya yi mata ba za ta cika ƙoƙo ba. Duk da haka, in ana ambaton mazajen ƙasarmu ni da shi nake farawa, wanda ya ji haushi shi ya sani.

A lokacin yaƙin Jamus na farko, Nasaran Faransa suna fama da bore can cikin hamada, kuma soja ba ya tafiya sai da ruwa. Sai aka turo gardi biyu daga barikin Dogon Dutsi su tattaro magina rijiya. Ba wanda ya tambayi Illo ko yana so. Ya ɗauki daginsa da igiyarsa ya bi su, ya bar Ajuma da cikin uwata Balki.

Wata biyu suna tafiya a bayan wani kumandan da rana ta gasa, har sojojinsa suka sa masa suna Jan Wuya. Tafintansa Sallau ne, mutumin Tibiri, mai jin Faransanci da ɗan Larabci. Daga bakin Sallau labarin nan ya fito, abin da ya gani da abin da Larabawa suka faɗa masa daga baya, don in da Illo za a jira, da har yau ba mu ji komai ba.

A inda suka yada zango akwai shugabannin Larabawa biyu, Shaihu Ma'atalla da Shaihu Ɗahiru, waɗanda ba sa ga maciji da juna saboda wani kwari mai ciyawa da kowannensu yake cewa na kakansa ne. Jan Wuya yana bukatar raƙuma da jagorori, sai ya fara da Ma'atalla. Kwana uku ana shan shayi a cikin tanti ana ja-in-ja, sannan aka daidaita: Shaihu zai ba da raƙuma ɗari da hamsin da masu nuna hanya, Faransa kuma ta amince kwarin nasa ne, za ta gina masa rijiya a ciki, kuma ba za ta ƙulla komai da Ɗahiru ba. Aka rubuta da Faransanci da Larabci, aka buga hatimi.

Shaihu ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce ta yi kyau, amma raƙumansa masu rai ne, don haka sai a bar masa mai rai jingina. In Faransa ta saɓa, wuyan jinginar nasa ne. Jan Wuya ba zai bar Nasara ba, ba zai bar soja mai bindiga ba. Ya waiwaya ya nuna Illo, tunda dama dole a bar mai gina rijiyar.

Shaihu ya iya Hausa ta kasuwa. Ya kira Illo ya bayyana masa sharaɗin dalla-dalla, sannan ya ce, "Kai fa, ka yarda?"

Illo ya ce, "Na yarda."

Ajuma har ta tsufa tana cewa wannan ita ce wauta mafi girma da aka taɓa yi a zuriyarmu. Ni kuwa ina ganin na gane shi. Tun ranar da aka fitar da shi daga gida, wannan ne mutum na farko da ya dube shi ya tambaye shi.

Rundunar ta wuce da raƙuman, Illo ya kafa dagi. A gidanmu maginin rijiya yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, shi yake zaɓen wanda zai riƙe masa igiya in zai sauka, kuma ba ya ba wanda suke da 'yar tsama, don igiyar zagaye ɗaya take yi wa gwafa, in mai riƙo ya sassauta hannu shi ke nan. Ta biyu, ba ya barin rijiya kafin ta yi ruwa, don ramin da ba ruwa kabari ne ya haƙa wa ɗan wani ko dabbar wani. Wata huɗu yana fasa dutse, Larabawan suna jan ƙasa da kwando, suna ciyar da shi nonon raƙumi da dabino har ya fara kumatu.

Zurfin rijiyar ya kai gaba ashirin da biyu sai ga Sallau da rana tsaka, ya kawo wa Shaihu gaisuwar kumandan da kan sukari huɗu. Da ya gama, ya ja Illo bayan tudun ƙasar rijiyar.

Ya ce, "Illo, Nasara ya ci amana. Ya yi wata takarda da Ɗahiru, don shi ya hi yawan bindigogi, kuma Ɗahirun ya ce in ba a ba shi kwarin ba sai shi koma wajen 'yan bore. Kwarin ga duka anka rubuta mai, har da rijiyar da kaka gina. Da bakina ni hwassara. Kahin kwana ukku labari na isowa. Ga raƙumi can na ɗaure maka, tashi mu tai."

Illo ya ce, "Ba ta yi ruwa ba."

"Wane ruwa? Yanka ka za su yi! Nasaran da yas sa hannu ma ya warware, kai mi naka ciki?"

"Shi hannu yas sa. Ni baki nis sa."

Sallau ya roƙe shi, ya tuna masa Ajuma da cikin da ya bar ta da shi, har ya zage shi. Illo ya ce ya gaida gida in ya riga shi zuwa, ya koma bakin aikinsa. Sallau ya tafi da raƙumin yana hawaye.

Labari bai ma kai kwana ukun ba. Samarin Ma'atalla suka cika tantin Shaihu suna cewa raƙumansu sun tafi, kwarinsu ya tafi, abin da ya rage musu shi ne wuyan jingina. Kuma da gaskiyarsu, sharaɗin ke nan. Da hantsi, suna cikin wannan hayaniya, Illo ya shigo da igiyarsa a kafaɗa. Ya tsugunna gaban Shaihu, ya sa masa bakin igiyar a hannu.

Ya ce, "Shaihu, yau kai niz zaɓa. Wuyana naka na, ban musa ba. In ka ga dama ka saki, ba sai an ɓata wuƙa ba. Amma ina jin sanyin ƙasa a ƙahwata, ruwa ba su da nisa."

Shaihu ya ce, "Ka san wa aka rubuta wa rijiyar nan? Maƙiyina za ka gina wa."

Illo ya ce, "Kai nic ce ma zan gina. Wanda za shi sha, Allah ya sani."

Tsoho ne Ma'atalla, tasbaha da kofin shayi kaɗai hannunsa ya saba da su. Ya tashi ya bi Illo har bakin rijiya, ya zagaya igiyar a gwafa, Illo ya zura ƙafa ya sauka. Samarin suka kewaye Shaihu suna cewa ya saki. Gaba ashirin da biyu ne, in ya buɗe yatsunsa an gama. Ya ƙara naɗa igiyar a hannu, ya ce wanda ya matso zai gamu da shi.

Kwana shida kullum Illo yana zuwa tanti da safe ya miƙa masa igiya, kullum yana karɓa. Bai ce ya yafe ba, Illo ma bai tambaya ba. Tafin hannun tsohon ya ɗuri ruwa ya fashe, aka ɗaure masa da tsumma, ya ƙi ba kowa igiyar. A rana ta biyar kwando ya fito da yashi mai danshi. A ta shida Illo ya girgiza igiya, aka jawo guga da ruwa jajir a ciki.

Shaihu ya kurɓa, ya yamutsa fuska don ruwan da ɗan gartsi, ya sake kurɓa. Ya ce, "Jingina ta faɗi, wuyanka nawa ne. To na sha fansarsa." Ya ba shi raƙumi da jagora har iyakar ƙasar Hausa.

Illo ya iske Balki tana rarrafe. Ya ajiye igiya, ya tambayi ko akwai fura, iyakar labarin da ya bayar ke nan. Bayan yaƙi aka yi biki a Dogon Dutsi aka rataya wa Sallau lambar yabo saboda yarjejeniyoyin nan biyu, sunan Illo kuwa ba ya cikin kowace takarda. Wannan abu har yau yana ƙona mini rai. Shi ma Sallau abin ya dame shi, shi ya sa duk inda ya zauna sai ya ba da labarin, bai ɓoye nasa rabon ba. Kwarin kuma, Larabawan sun yi ta rikici a kansa shekaru, daga baya suka raba kwanakin shayarwa.

Illo ya gina rijiyoyin da suka fi talatin tsakanin Geceme da Tibiri kafin idonsa ya tafi. Yana makaho, wata ranar kasuwa wani Balarabe mai fataucin raƙuma ya yi sallama a ƙofar gida, uwata ce ta shigo da shi. Jikan Ma'atalla ne. Ya ce kakansa ya bar wasiyya, duk wanda cikin zuriyarsa hanya ta kai shi ƙasar Illo ya kai masa ruwan rijiyarsa. Ya fito da butar ƙarfe da aka liƙe bakinta da ƙaro, kwana arba'in tana cikin kayansa.

Aka zuba a ƙoƙo aka ba Illo. Ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya daɗe bai haɗiye ba. Kowa yana jiran babbar magana.

Ya ce, "Da na ƙara gaba guda, da gartsin ga ya hita."

Ya miƙa wa Ajuma ƙoƙon. Ta sha, ta toshe butar da sauran ruwan, ta kai ɗaka ta ɓoye, ta hana kowa taɓawa. Shekara biyu bayan haka, ranar da Illo ya rasu, ta fito da ita ta ba liman ya zuba a ruwan wanka.

Ta ce, "Ku wanke min wawana da ruwanshi. Shi ya gina."