Ranar da Inna ta yi wa talabijin liƙi

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta da su, amma ban da yammacin da muka taru a tsakar gidanmu na Bukkuyum don mu ga autanmu yana kiɗa a ƙasar Turawa. Wannan kam sai dai in na mutu. Har yau idan ya faɗo mini a rai, dariya ce ke fara zuwa, sannan ƙwalla ta biyo baya.

Mu ba gidan makaɗa ba ne. Manoma ne mu tun kaka da kakanni, gero da dawa da wake, kuma Baba mutum ne da in ya ji kalangu a kan hanya sai ya sake wata. Ni ce 'yar fari, ina aure a Gummi. Autan namu kuwa, da ya tafi makarantar kwana a Kaduna, sai ya haɗu da wani malami mai tsohon piyano, wato babban akwatin kiɗan nan na Turawa mai jerin haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu. Yaro ya nace wa akwatin nan dare da rana. Kafin mu farga an ɗauki nauyin karatunsa zuwa waje, ya tafi ya yi shekaru yana koyon irin kiɗansu na gargajiya, wanda ba waƙa a cikinsa ba rawa.

Baba bai hana shi tafiya ba, don ya ɗauka karatu ne irin na kowa. Da ya gane kiɗa ne, ransa ya ɓaci ƙwarai. A wurinsa makaɗi maroƙi ne, mai bin masu hali yana wasa su, su kuma suna liƙa masa kuɗi a goshi. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba, don ina cikin masu fara tashi in an buga ganga, amma a gidanmu ra'ayin Baba shi ne hukunci. Ya kira ni ya ce, "Ki hwaɗa mai ban haihi maroƙi ba. Ranar da duk yah hau gaban jama'a, ina son in gani da idona. In roƙo na, shi tattaro kayanai shi komo gona." Kowa ya san autan nan, in Baba ya ce ya dawo, ko a tsakiyar kiɗa yake zai rufe akwatin ya nemi jirgi.

Ana nan sai ga ranar ta zo. Auta ya yi babban wasansa na farko a wani katafaren zaure, aka kuma fitar da faifansa. Labarin ya fara iso mana ta bakin Kawu, ƙanen Inna, tsohon malamin makaranta da ke zaune a Anka, wanda shi ne mai Turancin danginmu. Kawu ya yi mana bayanin cewa a can akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su je su saurari makaɗi, su dawo su rubuta hukuncinsu a jarida, kuma maganarsu tana iya ɗaga mutum ko ta binne shi. Ya ce an yi rubutu a kan yaronmu, ya kuwa karanta mini ta waya yana fassarawa. Wata mata ta yabe shi har na ji kaina ya yi girma. Ta ce yatsunsa ba su da nauyi, kuma ya san inda zai sassauta har mai sauraro ya riƙe numfashi. Wani namiji kuma ya ce yaron yana da baiwa, amma gaggawar ƙuruciya ba ta sake shi ba, in ya kusa ƙarshe sai ya riƙa gudu.

Na ce, "Kawu, shi wannan wa ya aike shi? In an ba shi akwatin, ko haƙori ɗaya zai iya dannawa?" Kawu ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, aikinsa yake yi. Ban haƙura ba. Na kwana biyu ina faɗa da mutumin da ban taɓa gani ba, na kuma cika unguwarmu ta Gummi da yabon matar nan, har maƙwabta suka fara guduna. Da na kai wa Baba labarin yabon da sukar ina rawar jiki, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Kowane makaɗi na da sanƙiranai mai yi mai kirari. Ni ido nic ce, ba kunne ba."

Da bidiyon wasan ya iso wayata, na ƙi buɗe shi. Na ce wannan daɗi ba na mutum ɗaya ba ne. Na hau mota zuwa Bukkuyum ranar kasuwa, lokacin da dangi na ƙauye suke shigowa, Kawu ma ya taho daga Anka. Na aro talabijin da janareta a gidan kallo, aka dama fura, aka jiƙa zoɓo, na gayyato matan unguwa har da wata tsohuwa da ba a biki a garin sai an nemi guɗarta. Bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil. Baba ya shimfiɗa buzunsa can gefe kusa da rumbu, carbi a hannu, kamar abin bai shafe shi ba.

Aka kunna. Sai ga zaure mai fitilu, mutane sahu-sahu, yawancinsu manya masu furfura. Ga akwatin a tsakiya, baƙi wuluk yana sheƙi. Can sai ga autanmu ya fito cikin baƙaƙen kaya, ya ƙara tsawo, ya yi kyau. Wayyo, gidanmu ya kaure! Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, yara suna tsalle suna nuna shi, ni kuwa ina ta dukan kafaɗar matar da ke kusa da ni ban sani ba. Ya rusuna wa jama'a, ya zauna, ya ɗan yi jim, sannan ya ɗora yatsunsa.

Kiɗan ya fara a hankali, kamar ɗigon farko na ruwan sama a kan kwano. Mata sun riga sun ɗaure gyale a ƙugu, suna jiran inda za su sa ƙafa. Suka jira, suka jira. Wata ta ce, "Har yanzu gwaji shi kai, ko an hwara?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Sai mai ɗaukar hoton ya juya kan jama'ar zauren. Ba wanda ya motsa. Ba mai kaɗa kai, ba mai murmushi, wani dattijo ma ya rufe ido ruf. Tsohuwar guɗa ta ce, "Wancan kam barci ya ɗauke shi."

Abin da ya karya mu shi ne lokacin da auta ya tsaya. Ya kai wani wuri ya ɗaga hannuwansa daga akwatin, kiɗa ya ɗauke. Muka zuba ido mu ga zaure ya tashi. Shiru. Ba tafi, ba sowa, sai wani can baya da ya yi tari. Daga baya ne muka san cewa irin wannan kiɗa kashi-kashi ne, kuma a al'adarsu abin kunya ne a tafa kafin a gama duka. A ranar ba wanda ya sani, har Kawu da Turancinsa. A wurinmu, makaɗin da ya ajiye makaɗinsa aka yi masa shiru, an tozarta shi ke nan a bainar jama'a.

Inna mace ce mai alkunya. Ni 'yar fari ko sunana ba ta taɓa kamawa ba, amma auta ba a jin kunyarsa, kuma duk son da ta ɓoye mana a kansa ta juye shi. Ta ce, "Su waɗanga mutane ba su da ɗiya? Yaro ya yi wahala hakanga, ko mutum guda bai tashi ba?" Kafin wani ya ba ta amsa ta miƙe. Ta kwance bakin zanenta, ta zaro takardar kuɗi, ta ratsa yara har gaban talabijin. Daidai lokacin an nuno fuskar auta ya sunkuya zai ci gaba. Ta manna masa kuɗin a goshi. Gilashi ba ya gumi, kuɗin ya zame ya faɗi. Ta tsince ta sake mannawa, ta danne da babban yatsa, ta ce da ƙarfi, "In ba ka da kowa can, kana da ni nan!"

Ai sai guɗa ta ɓarke. Mata suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa na kwance bakin zane, suka rufe talabijin ruf, ana liƙi ana kirari. Na yi dariya har na durƙusa, ina share hawaye. Sai kuma dariyar ta ɗauke, don na tuna wanda ke zaune kusa da rumbu. Wannan shi ne ainihin hoton da Baba ya rantse ba zai gani ba, ɗansa da kuɗi a goshi, kuma mu da hannunmu muka zana masa shi. Na waiwaya. Ya riga ya miƙe.

Ya ce, "Ku kauce." Bai ɗaga murya ba, amma mata suka watse kamar an watsa wa kaji ruwa. Na ce a raina shi ke nan, zai kashe talabijin, gobe auta yana hanyar gida. Sai na ga ya jawo buzunsa ya shimfiɗa dab da gilashin ya zauna. Ba wanda ya ƙara ko tari. Janareta kaɗai ke magana a waje, sai kiɗan.

A nan ne na fara jin abin da ƙanena ke yi. Da muka yi shiru dole, sai kiɗan ya buɗe. Wuri ya yi sanyi har na ji kewar da ban san ta mece ce ba, wuri kuma ya taso da ƙarfi. Da ya doshi ƙarshe hannuwansa suka riƙa gudu har ido ba ya iya bin su, gashin goshinsa ya jiƙe. Ya sauke hannu biyu a lokaci ɗaya, ya tsaya cak.

Zauren nan ya fashe. Mutanen da muka ɗauka gumaka ne suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ana tafi ana ihu, har dattijon da muka ce barci yake, ga shi yana share ido da hankici. Auta ya rusuna ya fita, tafi bai tsaya ba, ya dawo ya sake rusunawa, ya fita, suka sake dawo da shi. Gidanmu ma ya rikice. Na rungume Inna muna tsalle, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Aka miƙa wa auta damin furanni, tsohuwar guɗa ta ce, "Duk wahalar nan ganye anka ba shi? Ko miya ba a yi da shi!"

Baba bai tashi ba sai da hoton ya ƙare. Ya juya ya dubi Kawu ya ce, "Malam, kai ka jin Turanci. Ya kira sunan wani mai kuɗi?" Kawu ya ce ko baki bai buɗe ba. "Ya sauka ya bi wani har wurin zamanai?" Kawu ya ce a'a, ai Baba ma ya gani. Baba ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "Ni ba yaron ni ka kallo ba, mutanen ni ka kallo. Ban taɓa ganin manya sun yi wa wani shiru hakanga ba sai wurin karatu. Maroƙi shi ka bin mutane. Wanga kau mutane sunka biyo shi. Kuma ya rusuna musu, bai yar da tarbiyya ba." Ya miƙo mini hannu. "Kira min shi."

Na kira, na buɗe murya kowa ya ji. Auta ya gaishe shi da muryar wanda ke jiran hukunci. Baba ya ce, "Na gani. Mutumen da yac ce kana gaggawa bai yi ƙarya ba, haka ka ke ko wurin noma, in ka hango ƙarshen kunya sai ka bar ciyawa baya. Ka rage ta." Na buɗe baki zan kare ƙanena, Kawu ya harare ni na haɗiye. Baba ya ci gaba, "Ka tsaya can ka ida abin da kaf faro. Allah shi yi maka albarka."

Ba a ce amin ba daga can. Wayar ta yi shiru, sai wani ɗan numfashi da ke sarƙewa. Inna ta matso za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu ya ce, "Ƙyale shi. Bai gama ba."

Abin da ranar ta koya mini shi ne kowace kasuwa da mudunta, kuma wanda ya auna hatsin wasu da nasa mudun zai ga an cuce shi alhali an cika masa. Mu muna girmama mutum da guɗa, wasu kuma da kame baki. Mun kusa yi wa yaro kukan wulaƙanci a ranar da aka fi karrama shi, kuma mutumin da ya fi kowa ƙin kiɗa a gidanmu shi ne ya cece shi, don shi kaɗai ya zauna ya kalla har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.